Jirgi a Sama, Jirgi a Rami, ko Mota ta Hau Gada? Zaɓin da Unguwannin Melbourne Suka Sha Fama da Shi

Kafin shekarar 2018, a kudu maso gabashin birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya, akwai mahaɗar jirgin ƙasa da mota inda shingen tare hanya kan kwashe sama da minti 80 a sauke tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe. Awa biyu minti 120 ne, ka ga ke nan abin da ya rage wa masu mota bai kai minti 40 ba. Ƙararrawa na kaɗawa, jar wuta na ƙyaftawa, jirgi ya wuce, kana shirin saka giya sai ga wani ya ɓullo daga ɗaya ɓangaren, shinge ko motsi bai yi ba. Motar asibiti ma haka za ta tsaya tana jiniya a banza.

Wannan ne ya sa a zaɓen 2014 jam'iyyar Labor, ƙarƙashin Daniel Andrews, ta yi alkawarin kawar da irin waɗannan mahaɗu guda 50 a jihar Victoria, inda birnin Melbourne yake. Ta ci zaɓe, aka fara a 2015, aka sami wani kaso na kuɗin daga jinginar da tashar jiragen ruwa ta Melbourne na shekara 50 kan dalar Ostireliya biliyan 9.7. Daga baya adadin ya tashi zuwa 75, ya koma 85, yanzu 110 ake hari nan da 2030. Da wuya ka sami birnin da ya gwada hanyoyi daban-daban na warware matsala ɗaya a unguwanni masu yawa haka cikin shekara goma, shi ya sa duk wanda ke tsaka mai wuya, ko mazaunin unguwa ne da aka kira taron jin ra'ayi, ko mai shago a bakin tasha, ko injiniya mai rubuta shawara, zai amfana ya duba abin da ya faru a can.

Hanyoyin guda huɗu ne: a ɗaga layin dogo sama a bar titi a ƙasa, a nutsar da layin cikin rami titi ya bi ta kansa, a yi wa motoci gadar sama, ko a yi musu gadar ƙasa.

Abin da za ka auna kafin ka ɗaga hannu

Kuɗi ne farko, amma ba kuɗin siminti da rodi kaɗai ba. Akwai kuɗin ɗauke bututun ruwa, na gas da wayoyin da ke binne, akwai diyyar gidaje, akwai kuɗin bas-bas da za su yi jigilar fasinjoji muddin layi na rufe. Sai ƙarko da abin da ginin zai riƙa ci kowace shekara. Sai wahalar lokacin aiki: kwana nawa jirgi zai daina gudu, wata nawa masu shaguna za su sha ƙura. Sai haɗari, musamman ruwa. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi a takarda kuma aka fi jin jikinsa daga baya, shi ne yadda unguwar za ta koma ga mai tafiya a ƙasa.

Akwai wani lissafi ɗaya da idan ka riƙe shi, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi. Jirgin ƙasa ba ya son hawa. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, don haka abin da aka saba ba shi shi ne ya hau mita 1 a cikin kowace mita 50. Idan ana so ya tashi mita 8 don manyan motoci su wuce ta ƙarƙashinsa, yana buƙatar mita 400 ya hau, wata 400 ya sauka, ga kuma dandamalin tasha mai tsawon kusan mita 160 wanda dole ya zama a shimfiɗe. Shi ya sa gadar jirgi ta unguwar Reservoir ta kai kusan kilomita guda, ta Carrum kuma mita 900, alhali faɗin titin da ake son tsallakewa bai taka kara ya karya ba. Mota kuwa tana hawa gangare mai tsauri ninki biyu ko uku na wannan ba tare da ta yi tari ba. Duk bambancin farashi daga nan ya samo asali.

Ɗaga jirgi sama, da sabuwar tasha a kan gada

Wannan ne ya fi tayar da ƙura. A watan Fabrairun 2016 gwamnati ta sanar cewa mahaɗu tara da ke tsakanin Caulfield da Dandenong za a kawar da su ta hanyar ɗora layin a kan ginshiƙai, a sake gina tashoshi biyar: Carnegie, Murrumbeena, Hughesdale, Clayton da Noble Park. Jaridu suka laƙaba masa suna "Sky Rail", mazauna suka manna takardun ƙin amincewa a katangu, suna cewa ba haka suka zata ba, rami suke tsammani. Kukansu ba na banza ba ne. Mutumin da bayan gidansa ke manne da layi ya wayi gari da katafaren kankare a saman bishiyar lemonsa. Har sai da gwamnati ta buɗe shirin sayen gidajen da suka fi kusa ga duk wanda ya zaɓi ya tashi.

An ƙiyasta aikin a kan dala biliyan 1.6. Idan ka raba gida tara za ka sami kusan miliyan 178 kowace mahaɗa, sai dai wannan rabon yaudara ne, domin a cikin kuɗin har da gyaran wutar lantarki da na'urorin ba jirgi hannu. Aikin Coburg da Moreland na 2020, mahaɗa huɗu da tasha biyu, ya ci sama da miliyan 500, haka ma na Preston da Bell na 2022. Na titin Toorak a Kooyong, wanda ba shi da tasha, bai kai miliyan 100 ba. A nan za ka gane cewa tashar ce ke cin kuɗi sosai: lif, matakala, rumfa, dandamali a sama, filin bas a ƙasa. Kuma idan mahaɗu suna jere kusa da juna, gada ɗaya doguwa ta fi arha a kan kowace ɗaya, tunda hawa da sauka sau ɗaya za a yi.

Ta fuskar gini, babbar fa'idarsa ita ce ba a tona ƙasa sosai. Rami ake haƙawa a wurin kowane ginshiƙi, bututun da ke tsakani a bar su su huta. Tsakanin Carnegie da Murrumbeena hanyar ta yi matsi ƙwarai, babu inda babbar ƙugiya za ta tsaya, sai aka haɗa sassan gadar a fili ɗaya, kowane sashe ya kai nauyin tan 400, wata na'ura mai tafiya a kan gadar da aka riga aka gama ta riƙa ɗaukarsu tana kai su gaba, jiragen fasinja kuma na wucewa a ƙasa a mafi yawan lokacin. Amma kada wani ya ce maka gadar sama ba ta rufe layi. A Coburg sai da aka dakatar da jirage kimanin wata uku.

Ƙarko ba abin damuwa ba ne, don ƙa'idar gadoji ta ƙasar shekara 100 take hari. Abin da ke lalacewa shi ne matashin da gadar ke zaune a kai bisa ginshiƙi, da mahaɗin da ke ba kankare damar miƙewa lokacin zafi, sai kuma lif, wanda ranar da ya tsaya tsohuwa mai sanda da mai keken guragu sun shiga uku. Masu fenti a bango ma ba sa gajiya da ginshiƙai.

Maganar ƙara ta ba mutane mamaki. Ƙararrawa ta tafi, hon ɗin da direba ke yi kafin mahaɗa ya tafi, layin sabo ne, ga bangon tare sauti a gefe. A ayyukan baya-bayan nan ma an koma yin gadar da siffar kwami, jirgi na gudu a cikinta, ƙafafunsa a ɓoye, wanda ya rage tsayi ya kuma rage ƙara. Abin da ba a iya magancewa ba shi ne inuwa. Melbourne tana kudancin duniya, rana ta arewa take bi, don haka gidan da ke kudu da gada yakan rasa hantsi a watannin Yuni da Yuli, tsakiyar sanyinsu. Mu da muke neman gindin bishiya ido rufe za mu ce ai arziki ne, su kuwa asara ce da ke taɓa farashin gida.

Sai ka sauko ƙasa ka ga abin da ya sauya ra'ayin mutane da yawa. Inda da can shingen waya ne da tsakuwa da ciyayi, aikin Caulfield zuwa Dandenong ya buɗe fili hekta 22.5, da hanyar keke da ƙafa mai tsawon kilomita 17 da ake kira Djerring Trail. A ƙarƙashin gadar akwai filin ƙwallon kwando, teburin ƙwallon tebur, wurin motsa jiki, wurin sakin karnuka. Yaron da makarantarsa ke ƙetaren layi ba sai ya zagaya neman mahaɗa ba, ko ta ina ya ga dama ya ratsa. A Coburg da Moreland an bar tsofaffin gine-ginen tasha na jan bulo a ƙasa, sabuwa na samansu, duk da cewa sare bishiyoyin lambun Gandolfo ya jawo zanga-zanga. A zaɓen 2018 kuma, wanda aka yi watanni kaɗan bayan kammala aikin, jam'iyyar da ta gina shi ƙarin ƙuri'a ta samu a yankin.

Nutsar da jirgi cikin rami

Idan ka tambayi maƙwabtan layi, wannan za su zaɓa, kuma ina ganin dalilinsu: ba ka ganin jirgi, ba ya leƙa maka tsakar gida, ba ya tare maka rana. A Ormond, McKinnon da Bentleigh haka aka yi a 2016. Kwangilar, haɗe da ta titin Burke a Glen Iris, dala miliyan 524 ce, mahaɗa huɗu da tasha huɗu. Ka lura, wannan bai fi gadar sama tsada ba. Masu cewa rami kullum ya ninka gada a farashi sun faɗi abin da ba haka yake ba a ko'ina. Gaskiyar ita ce farashin rami ba ya tsayawa wuri ɗaya: inda ƙasa ta bushe kuma babu manyan bututu, yana da dama-dama, inda aka ci karo da ruwa ko bututun gas kuwa, sai abin da hali ya yi.

Wahalar gininsa ta fi ta kowanne. Ba a haƙa rami a ƙarƙashin jirgi mai gudu. An rufe wancan sashe na layin Frankston kwana 37 cur, aka yi ta aiki dare da rana, aka kwashe ƙasa kusan kubik mita 250,000, tifa na bin tifa a cikin unguwa, fasinjoji na rububin bas. Mai shagon kofi a bakin tasha ya san abin da kwana 37 ba fasinja ke nufi.

Ruwa shi ne babban abokin gaba. Rami kwari ne da mutum ya haƙa da hannunsa, duk ruwan saman da ya sauka ciki sai inji ya zuƙe shi, yau da gobe har abada, da injin ko-ta-kwana saboda ranar da wuta za ta ɗauke. Na ƙarƙashin ƙasa ya fi rikitarwa. A Edithvale da Bonbeach layin yana kan yashi kusa da teku, a bayansa kuma ga fadamar Edithvale da Seaford wadda ke cikin jerin dausayin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ta kare. Bangon rami na iya zama kamar madatsa, ya tare ruwan da ke tsiyaya zuwa teku, ya taru a gefe ɗaya ya ƙafe a ɗayan. Sai da aka yi cikakken binciken muhalli, aka tsara hanyar da ruwan zai zagaye ramin, kafin a kammala a 2021. A Carrum, 'yan kilomita kaɗan gaba a kan layi ɗaya, kusa da bakin kogin Patterson, gada aka ɗora.

Abin da ba a cika faɗa a taron jin ra'ayi ba shi ne rami ba ya haɗe unguwa. Da can layin dogo ya raba ta biyu, yanzu kwari mai shinge ya raba ta biyu. Sai a wurin titi ko wata 'yar gadar ƙafa za ka tsallaka. Ana iya rufe samansa da dabe a yi fili, amma kowace mita kuɗi ce, kuma idan rufin ya yi tsawo ya zama kogo, sai an kawo maganar iska da hanyar tsira daga gobara. Faɗaɗa shi gaba don ƙara layi kuwa kusan sabon aiki ne.

Duk da haka akwai inda ya fi dacewa. A Surrey Hills, inda jirgi ya kashe mata biyu a cikin mota a mahaɗar titin Union a 2016, unguwa ce ta tsofaffin gidaje a kan tudu da gangare. Rami aka yi, aka haɗe tashoshin Surrey Hills da Mont Albert suka zama ɗaya mai suna Union a 2023. Inda titi ke kan tudu, layin ya riga ya hau kafin ya iso, nutsar da shi ma miƙar da shi ne.

Gadar sama ta motoci

Mafi sauƙi ga hukumar jirgi, tunda ba a taɓa layi ba balle tasha. Mafi arha kuma a mafi yawan lokuta, saboda lissafin gangaren nan. An yi ta a titin Thompsons da na Evans a Lyndhurst, da babbar hanyar Melton a Sydenham, duk wuraren da ke da fili kuma babu kasuwa a manne da mahaɗar. Ƙarkonta daidai da na kowace gada.

A tsakiyar unguwa kuwa ɓarna ce. Gangaren yakan toshe ƙofar shaguna da gidajen da ke bakin titi, ƙananan layuka su zama lungu marar fita, mai ciniki ya bi ta saman kanka ya wuce. Mai tafiya a ƙasa sai ya hau tudu ya sauka don tsallake abin da bai fi taku ashirin ba, kuma mun san halin ɗan Adam: zai nemi inda waya ta yage ya ratsa ta kan layi. Wannan hanyar Legas ta bi a layinta na Red Line, da gadoji a Oyingbo, Yaba, Mushin da Ikeja. Wanda ya tuna safiyar 9 ga Maris 2023, da jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan jihar a mahaɗar PWD ta Ikeja mutum shida suka rasu, ba zai ce gadojin ba su da amfani ba. Sun raba mota da jirgi. Raba mutum da jirgi kuwa sai an ƙara da katanga da gadar ƙafa da mutane za su yarda su hau.

Gadar ƙasa ta motoci

An yi ta a titin Buckley na Essendon a 2018 da titin Clyde na Berwick a 2022. Ba ta tare wa kowa rana, tasha na nan inda take. Amma ta gaji ciwon rami na tara ruwa, ta kuma gaji ciwon gadar sama na yanke shaguna daga titi. Ga matsalar tsayi: mutanen Melbourne na da gadar titin Montague mai tsayin mita 3, wadda manyan motoci suka yi ta karo da ita har ta zama abin barkwanci a gari.

| Ma'auni | Jirgi a sama | Jirgi a rami | Gadar sama ta mota | Gadar ƙasa ta mota |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mai yawa, amma ana iya hasashensa | Mai yawa, yana iya zarce ƙiyasi | Mafi sauƙi | Matsakaici |
| Sabuwar tasha | Dole, idan tana kusa | Dole, idan tana kusa | Ba dole ba | Ba dole ba |
| Rufe layi lokacin aiki | Kaɗan zuwa mai tsawo | Mai tsawo | Kaɗan ƙwarai | Kaɗan |
| Kulawa | Lif, matashin gada | Injin zuƙe ruwa, bango | Kwalta, mahaɗin gada | Injin zuƙe ruwa |
| Babban haɗari | Inuwa, leƙen gidaje | Ambaliya, ruwan ƙasa | Mutuwar kasuwa | Ambaliya, karon manyan motoci |
| Mai tafiya a ƙasa | Ya ratsa ko ta ina | Sai ta kan gada | Hawa da sauka | Sauka da hawa |

Wani gargaɗi game da alƙaluma. Babban mai binciken kuɗi na jihar Victoria ya bayar da rahoto a ƙarshen 2017 cewa mahaɗu 50 na farko, da aka ce za su ci dala biliyan 5 zuwa 6, sun doshi biliyan 8.3. Ya kuma soki yadda aka zaɓi wuraren. Duk farashin da aka karanta maka a taron farko, ka ɗauke shi a matsayin farkon ciniki.

Wanne ya dace da wa

Idan tasha da kasuwa suna manne da mahaɗar, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga wasu mahaɗu biyu ko uku a jere, ni dai gadar jirgi da sabuwar tasha zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Haka nan idan ruwa na kusa da saman ƙasa ko wurin na ambaliya. Sai dai ka matsa a rubuta a kwangila wanda zai riƙa share filin ƙasa, ya kunna fitilu, ya gyara lif, domin ƙarƙashin gada da babu mai shi juji yake zama.

Idan gidanka ne ke jingine da layi, musamman ta ɓangaren da inuwa za ta faɗa, kana da hujjar neman rami. In ba a ba ka ba, nemi zanen inuwa na tsakiyar sanyi, allon tare leƙe, da damar sayar wa gwamnati gidan a farashin kasuwa kafin a kafa ginshiƙi na farko.

Idan titin na kan tudu, ƙasa busasshiya, unguwar kuma ta tsofaffin gine-gine ce da ake son adanawa, rami ya fi, muddin akwai hukumar da za ka amince ba za ta bar injin ruwa ya mutu ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma ruwan sama na sauka kamar da bakin ƙwarya, a yi nesa da duk abin da sunansa rami, na jirgi ne ko na mota.

Idan bayan gari ne, ko unguwar masana'antu mai yawan tirela, babu tasha kusa, gadar sama ta motoci ta wadatar, ragowar kuɗin a kai wata mahaɗar. Idan kuma ƙaramin layi ne da motoci ƙalilan ke bi, ga babbar hanya a kusa da aka riga aka gyara, akwai zaɓi na biyar da Melbourne ta yi amfani da shi a wurare da dama: a rufe titin gaba ɗaya, a yi wa masu ƙafa da masu keke tasu hanyar tsallakawa.